Ranar da Baba Ya Bari Aka Kai Ƙarshen Magana

Mahaifina ba ya barin mutum ya dire magana. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Tsaya ka ji," shi ke nan taka ta ƙare, sai tasa. A tashar manyan motoci inda ya yi rabin rayuwarsa, da wannan sunan aka san shi, Tsaya-Ka-Ji, har sababbin direbobi suna zaton sunansa ne na gaskiya. Mama ta ce tun da ta shigo gidan ba ta tuna ranar da ta ba shi labari ta kai ƙarshe, shi ya sa ta koyi fara magana daga ƙasa. Sai ta ce, "Gas ya ƙare," in ya bar mata sarari sannan ta yi masa sannu da zuwa.

Baba ejan ne na fiton kaya. Shi da ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, suna da ɗan kamfani: su sayi riɗi a hannun manoma, su loda a tireloli, su tsallaka iyaka zuwa tashar jiragen ruwa ta ƙasar da ke maƙwabtaka da mu, inda wani kamfanin ƙasar waje yake karɓa. Baba ne na takardu da waya. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu faci, da fanka mai kuka da taswira a bango wadda ya bi hanyar a kanta da jan biro. Baffa ne na hanya. Shi ne kuma ya koya wa kusan duk direbobinsu tuƙi, don mutum ne mai haƙurin koyarwa, ko sau nawa ka kashe masa mota ba zai ɗaga murya ba. Su biyun duka "Uwata" suke kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Ina makarantar sakandare yaƙi ya ɓarke a waccan ƙasar. Baba ya ce kwangila kwangila ce, jirgi ba ya jiran kowa, ayari ya tashi. Bayan an daɗe ba labari, wata rana da hantsi sai ga Baffa a ƙofar gidanmu, ƙafafunsa a kumbure, da silifa ɗin wani a ƙafarsa, babu mota ko ɗaya. Direbobin duk sun riga shi dawowa, kowa ya yi gum da bakinsa. Ina tsaye da bokiti a hannu na ji ya ce, "Yaya, a bakin gada…"

"Tsaya ka ji!" in ji Baba.

Abin da ya biyo baya ba zan maimaita ba. Matsoraci shi ne mafi sauƙi a ciki. Baffa ya tsaya har aka gama, ya juya ya tafi. Kamfanin waje ya soke kwangila, nasu kamfanin ya mutu, kuma tun daga ranar duk wanda ya tambayi Baba lafiyar ƙaninsa, amsa ɗaya ce: "Ba ni da ƙani." Na yi aure, na haihu, 'ya'yana suka fara tasawa, maganar tana nan yadda take. Baffa ya buɗe shagon fulogi da bel na mota a ɗaya gefen gari. Ina zuwa gaishe shi, Baba ya sani, yana yi kamar bai sani ba. Abin da ya riƙa ba mu mamaki shi ne Baffa bai ƙara koya wa kowa tuƙi ba. Ɗansa na cikinsa ma sai makarantar koyon mota ya je, mu kuwa muka ɗauka rowa ce ta tsufa.

Baba ya ci gaba da yi wa wasu aikin takardu har gwiwa ta ce ta gaji. Bai daɗe da zaman gida ba ya ji wani masani a rediyo yana bayanin yadda yaƙi yake kashe kasuwanci tsakanin ƙasashe. Ya ɗaga hannu ya ce wa rediyon, "Tsaya ka ji!" Rediyo bai tsaya ba. Wannan abu ya ƙona masa rai ƙwarai, ya kakkaɓo tsohuwar takardar digirinsa daga ƙasan akwati, ya je jami'a ya yi rajistar digiri na biyu, ajin ƙarshen mako, da furfurarsa da komai. Ya ce shi ma zai rubuta nasa, a ajiye a laburare, kowa ya zo ya karanta ba tare da ya ba shi amsa ba. Idonsa ba ya son tuƙi, yatsunsa ba sa son kwamfuta, saboda haka ni da nake aikin gwajin jini a asibiti duk mako, ranar hutuna ta zama tasa. Na zama direba, na zama mai buga rubutu, ba kuma da yardata aka naɗa ni ba.

Wadda aka ba shi ta duba aikinsa wata malama ce sa'ata, 'yar siririya mai tabarau, ofishinta cike da littattafai har kan kujerar baƙi, sai ka kwashe kafin ka zauna. Tana ce masa Baba, yana ce mata Malama, kuma ita ce mutum ta farko da na ga ya ɗaga wa hannu ta ci gaba da maganarta ko gezau. Babin farko ya dawo jajir da tawada. Ta ce ba a rubuta "ni", sai "mai bincike". Ta soke duk inda ya ce "kowa ya sani". Ta ce kowace magana sai an sa mata sunan wanda ya faɗa da shekarar da ya faɗa a cikin baka, don mai karatu ya bi sawu ya gani da kansa. Inda ya kira 'yan bindigar waccan ƙasar ɓarayi 'yan iska, ta mayar da shi ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai.

"Wato wanda ya cinye ni ƙurmus, sai na yi masa ladabi?" in ji Baba.

"Baba, in ka zage su, mai karatu zai gane ranka ya ɓaci, shi ke nan," in ji ta. "In ka faɗi abin da suka yi da wanda ya gani, nasa ran ne zai ɓaci."

Ya yi mita tun daga ofishin har gida, amma ya gyara. Gaskiya ni abin daɗi ya riƙa yi mini, don ban taɓa zaton zan ga ranar da za a mayar wa Baba da aiki ya sake ba.

Inda aka yi karo shi ne babi na huɗu, wanda ya ware wa hanyarsu da ayarin ƙarshe. A ciki ya rubuta cewa wasu 'yan kasuwa sun gudu sun bar dukiyar da aka ba su amana saboda jita-jita da tsoro kawai. Ni na buga, na kuma san da wa yake. Malama ta ja layi a ƙarƙashi, ta rubuta a gefe: Wa ya faɗa?

"Ni na faɗa!" in ji Baba, yana dukan ƙirji.

"Kana wurin?"

Ba ya wurin. Yana ofis a ƙarƙashin fanka, kusa da waya. Ta ce to wannan ba shaida ba ce, zato ne, kuma zato ba ya shiga kundi. Ko dai ya samo waɗanda suke wurin ya yi hira da su, ko a cire babin gaba ɗaya. Babin nan kuwa saboda shi ya shiga makarantar.

Ta zayyana masa ƙa'idar hira. Sai ka nemi izinin mutum kafin ka kunna rikoda. Ka gaya masa yana da ikon ƙin amsawa ko tsayawa duk sanda ya so. Ba a sa sunansa, lamba ake ba shi, don kada maganarsa ta jawo masa fitina, musamman maganar yaƙi. In ka gama ka rubuta abin da ya faɗa kalma da kalma, ka kai masa ya gani ya amince. Babbar ƙa'idar kuma ita ce ka yi tambaya ka kama bakinka. Ba gyara, ba gardama, ba sa wa mutum magana a baki.

Hirar farko da ya kawo mata, muka zauna muka saurara. Muryar Baba ce daga farko har ƙarshe, shi kuwa bawan Allah da aka je tambaya abin da ya samu faɗa bai wuce "haka ne" ba. Malama ta cire tabarau ta share hawayen dariya, ta ce ya koma ya sake. Mama ta ba da shawarar ya riƙa guntsar ruwa kafin a fara. Ni na kawo maganar biro: da zarar ya yi tambaya, ya sa biro a tsakanin haƙora ya cije, kada ya cire sai mutum ya yi shiru da kansa. Ya harare ni, amma ya yi. Haka muka yi ta yawo, daga gareji zuwa rumfar mai shayi, Baba zaune gaban tsofaffin direbobi da dillalai da biro a baki yana zare ido, jijiyar wuyansa tana tashi.

Na shida a jerin wani tsohon direbansu ne da ya koma gadi a wani sito. Ya yi bayanin komai, kuɗin hanya, shingaye, yadda inshora ta ce ba ruwanta da asarar yaƙi. Da aka zo maganar gada sai ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, wannan ba tawa ba ce in faɗa. Mun yi alkawari. Ka je ka tambayi wanda ya tsaya a baya."

Baba ya shiga ɗaki ya ƙi ci ya ƙi sha. Ya nemi a bar babin da rami a tsakiya, Malama ta ƙi. Ya nemi ni in je in yi hirar, ta ce ba sunana ne a bangon kundin ba. Da abin ya ishe ni na ce, "Baba, ranakun hutuna da ka cinye ba za su tafi a banza ba. Ko ka shiga mota mu je, ko ka nemi wani mai buga maka." Ya buɗe baki, na ɗauki makulli na fita. Ban kai ga tayar da mota ba na ji an buɗe ƙofar baya.

Da la'asar muka isa. Shagon Baffa ɗan tsukuku ne, bel-bel rataye a ƙusoshi, kwalayen fulogi jere har rufi, benci ɗaya a bakin ƙofa. Baffa ya ɗago ya ga yayansa, ya ajiye abin da ke hannunsa a hankali. Baba bai dube shi ba. Ya zaro takarda ya shiga karantawa kamar ɗan makaranta: shi ɗalibi ne, yana bincike a kan yaƙi da kasuwancin ƙetare, yana neman izinin yin hira, ba za a sa suna ba, za a kira shi Mai Amsa na Bakwai, kuma yana da ikon ƙin amsawa.

"Kuma ba za ka katse ni ba?" in ji Baffa.

"Ƙa'ida ta hana."

"Ikon Allah. Wanda ya kafa ƙa'idar nan, Allah ya saka masa da alheri." Ya dube ni. "Uwata, jawo bencin nan ciki."

Baba ya kunna rikoda, ya ce, "Me ya faru a bakin gada?" Ya sa biro a baki.

Baffa ya yi magana a hankali, idonsa a kan kantar shagon. Ya ce masu bindiga sun tare su kafin gada. Ba riɗi suke so ba, a gefen titi suka zubar da shi. Motocin suke so don kwasar mayaƙansu, kuma da direbobin, domin a cikinsu babu wanda ya iya jan tirela. Ya san duk direban da ya bi su ba zai dawo ba. Sai ya je wurin shugabansu ya ce a saki mutanensa, shi zai tsaya ya koya wa yaransu tuƙi. Aka amince. Direbobi suka kama hanya a ƙafa bayan ya sa sun yi masa alkawarin rufe baki, shi kuma ya zauna a wani filin ƙwallo yana koya wa samari masu bindiga a kafaɗa yadda ake sakin kuloci da yadda ake juya tirela da baya, har suka iya.

"Na koya musu da kyau," in ji shi. "Ban iya koyarwa ta ha'inci ba. Bayan na dawo na ji a rediyo an ƙone garuruwan da ke ƙetaren gadar, an ce a manyan motoci aka kawo masu ƙonawar. Ban ga motocin ba, ban san ko namu ba ne. Amma tun daga ranar ban ƙara iya zama kusa da mai koyon tuƙi ba."

Na ji ƙas. Biron ne ya fashe a bakin Baba, tawada ta gangaro masa a haɓa har kan riga. Bai cire ba. Ya bari sai da shirun ya yi tsawo, sannan ya zare shi ya yi tambayar da ƙa'ida ta ce a rufe da ita: "Akwai abin da kake son ƙarawa?"

"Akwai. Ranar da na dawo ban je gidana ba, ƙofarka na fara zuwa. Ba don motoci na zo ba. Na zo ne in sami wanda zan gaya wa abin da na yi, ya ce mini ko daidai ne ko kuskure. Kai kaɗai nake da shi."

Baba ya yi godiya irin wadda aka rubuta a takarda, ya kashe rikoda, muka fito. Muka kama hanyar gida. Ina kallonsa ta madubi da baki shuɗi da ido ja, tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi yawa.

Malama ta karanta hirar har ƙarshe. Ta ce wannan ita ce zuciyar kundin, domin ta nuna yadda kayan kasuwa suke komawa kayan yaƙi a hannun mutanen da ba su nufi kowa da sharri ba. Sai dai akwai sauran ƙa'ida ɗaya. In mai bincike yana da dangantaka da wanda ya yi hira da shi, dole ya bayyana a babin hanyoyin bincike, don mai karatu ya auna maganar da saninsa. In kuwa aka bayyana, lambar nan ta bakwai ba za ta ɓoye kowa ba, duk wanda ya san Tsaya-Ka-Ji zai san wanda ya koyar da tuƙi a filin ƙwallo.

"To a cire," in ji Baba nan take. "A cire babin duka. Ba zan tona masa asiri don takarda ba."

Raina ya yi fari da na ji haka. Amma Malama ta girgiza kai. "Baba, ka sake yanke masa hukunci ba ka ji ta bakinsa ba. Maganarsa ce. Kai masa, ka tambaye shi."

Muka koma ranar hutuna ta gaba. Baffa ya sa tabarau ya karanta hirar layi-layi, ya gyara wuri ɗaya inda na buga filin makaranta maimakon filin ƙwallo. Sannan Baba ya yi masa bayanin ƙa'idar, da abin da za ta iya jawowa, ya ce in bai yarda ba za a cire komai, kuma babu laifi.

"Me za ka rubuta ɗin? Karanta in ji."

Baba ya gyara murya. "Mai Amsa na Bakwai ƙanin mai binciken ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Sake karantawa."

Ya sake. Na sha ba Baffa labarin jan biron Malama muna dariya, saboda haka na gane inda ya dosa da na ga ya cire tabarau ya jingina da kantar shagon.

"An ce malamar taku ba ta barin magana ba shaida," in ji shi. "Ni kuma abin da na daɗe ina ji a gari daban ne. To wannan, wa ya faɗa?"

"Ni na faɗa," in ji Baba. "Ina wurin ranar da aka haife ka. Ni aka aika kiran ungozoma."

Baffa ya juya baya ya shiga gyara kwalayen da ba su karkace ba. Can ya ce, "Bar shi a ciki, Yaya. Na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai. In wani ɗan kasuwa ya karanta ya yi tunani kafin ya tura mutane hanya, ai an rage." Baba ya ce shi ne ya tura su, kuma hakan ma zai shiga kundin. Baffa ya ce to ya tabbata ya sa shekara a cikin baka.

Kundin ya wuce, yana laburare yanzu, kuma ba zan yi ƙarya in ce Baba ya daina katse mutane ba. Ya dai rage, kuma kullum akwai biro a aljihun gabansa mai shatin haƙora. Amma ni ba ranar bikin yaye ɗalibai nake tunawa ba, wannan yammacin nake tunawa. Baffa ya rufe shago da wuri ya ce zai je ya gaida Mama. Baba ya shige baya ya bar masa gaba. Ina tayar da mota ta yi tsalle ta mutu, kamar yadda ta saba yi mini.

"Uwata, wa ya koya miki tuƙi?" in ji Baffa. "Da wuri kike sakin kuloci. Taka shi har ƙasa. Yawwa. Yanzu ɗago ƙafar a hankali, sai kin ji motar ta fara ja."

Na saci kallonsa, bai daina bayanin ba. Na duba madubi na ga Baba ya buɗe baki, don shi ma yana da nasa ra'ayin a kan kuloci. Sai ya laluba aljihu, ya zaro biro ya cije.